Hannuwa na ramewa, ciki na ƙaruwa: me ya haɗa tsoka da ciwon hanta?

"Assalamu alaikum likita. Daga Tawa nake rubuto maka. Maigidana ɗan kasuwar albasa ne, shekararsa 46. Bara aka gano yana da hepatit B, da aka yi mashi eko lokotoro ya ce hantar ta yi tauri, ta fara siroz. An sa shi kan tenofobir, yana sha kullum. Abin da ke tada mani hankali shi ne ramar da yake yi. Mutumin da ke ɗaga buhu shi kaɗai, yanzu damatsansa sun zube, ga ciki na ƙaruwa. Dangi sun hana shi nama da ƙwai da mai, sun ce mai ciwon hanta ba ya cin su, kuma ya kwanta ya huta. Sai ga ƙanena ya turo mani wani bidiyo a WhatsApp, wai tsokar jiki tana fitar da wasu homon masu gyara hanta. Gaskiya ne? In gaskiya ne, akwai allura ko ƙwayar da za mu saya? Ko ramar ce ke ƙara mashi ciwon?"

Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Allah Ya ba maigida lafiya, Ya ba ki ladan jinya. Abin da kike son sani, in na fahimce ki, shi ne ko da gaske tsoka na aika wa hanta saƙo ta cikin jini, ko ana sayar da wannan saƙon a farmasi, da kuma ko ramar maigida alamar ciwon ce kawai ko tana da hannu wajen tsananta shi. Na farko gaskiya ne. Na biyu babu, kuma duk wanda ya ce zai sayar maku da shi kuɗinku yake so. Na ukun nan ne inda maganar take, don ramar da kike gani tana cikin ciwon tsundum, kuma cikin duk abubuwan da siroz ke jawowa ita ce wadda uwargida ke da ta cewa a kanta fiye da likita.

Tsoka ma tana magana

A jikin namiji lafiyayye tsoka ta kai kusan kashi 40 cikin ɗari na nauyinsa. Da can kallon ɗan dako ake yi mata: ƙwaƙwalwa ta ba da umarni, ita ta ja ƙashi, shi ke nan. A shekarar 2000 masu bincike a Kopenhagen ta ƙasar Denmak, a ƙarƙashin Farfesa Bente Pedersen, suka auna jinin da ke shiga ƙafar mutum yana motsa ta da wanda ke fitowa, suka tarar tsokar da ke aiki tana zubo wani sinadari mai suna IL-6 cikin jini. A 2003 suka sa wa irin waɗannan sinadarai suna miyokin, kuma zuwa yau an lissafa ɗaruruwansu. Homon dai sinadari ne da wata gaɓa ke sakewa cikin jini ya je ya sa wata gaɓa aiki, irin insulin da masu ciwon suga suka sani, don haka wanda ya yi bidiyon bai yi ƙarya ba da ya kira su homon.

Hanta ma ba ta yin shiru. Ita ce ke sarrafa mafi yawan IGF-1 da ke yawo cikin jini, wanda ke umartar tsoka ta ginu, tana kuma fitar da folistatin, wanda ke kare tsoka daga miyostatin, da zan ambata yanzu. Idan hanta ta ƙeƙashe IGF-1 ya ragu, tsoka ta rasa mai ce mata ta girma.

Cikin miyokin ɗin nan, wanda ya fi shafar maigida shi ne miyostatin. Se-Jin Lee da Alexandra McPherron suka gano shi a 1997 a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka. Aikinsa taka wa girman tsoka birki. Ɓerayen da aka cire masu shi sun yi tsoka ninki biyu zuwa uku, kuma akwai wani jinsin shanu a Beljiyam da aka haifa da naƙasar wannan sinadarin, in kika ga hotonsu sai ki rantse hura su aka yi. A lafiyayyen mutum miyostatin yana nan daidai gwargwado. A mai siroz yakan yi yawa, cikin jini da cikin tsokar kanta. Wani bincike da aka buga daga Japan a 2017, kan masu siroz kusan 200, ya nuna waɗanda miyostatin ɗinsu ya fi yawa sun fi saurin rasuwa. A ɗakin gwaji kuma an ga yana zuga ƙwayoyin hanta masu saƙa tabo, ko da yake wannan a kwanon gwaji ne, ba a jikin mutum ba.

Amoniya, inda zaren ya ɗaure

Me ke ɗaga miyostatin a mai ciwon hanta? Babban mai laifin amoniya ne. Kullum hanjinmu na samar da shi, daga abincin da muka ci da kuma aikin ƙwayoyin halittar da ke zaune cikin hanji. Jinin hanji ba ya zagaya jiki sai ya fara bi ta hanta, ita kuma ta kama amoniyan ta mayar da shi sinadarin da ƙoda ke zubarwa cikin fitsari. A siroz abu biyu ke lalacewa: ƙwayoyin da ke wannan aikin sun ragu, sannan jinin da ya tarar da hanta ta yi tauri yakan nemi ɓarauniyar hanya ya wuce ba tare da an tace shi ba. Sai amoniya ya cika jini.

A nan tsoka ke karɓar aikin. Bayan hanta, ita ce gaɓar da ta fi iya kwashe amoniya, tana ɗaure shi cikin wani sinadari mai suna gulutamin. Shi ya sa a wajenmu likitoci tsokar mai siroz hanta ce ta biyu. Amma aikin ba kyauta ba ne. Tana ƙona kayan ginin kanta wajen yin sa, kuma a 2013 ƙungiyar Dokta Srinivasan Dasarathy a Kilibland ta Amurka ta nuna amoniyan da kansa, in ya shiga tsoka, yana kunna miyostatin. Kin ga yadda abin ke zagayawa: hanta ta gaza, amoniya ya hau, miyostatin ya hau, tsoka ta zube, mai kwashe amoniya ya ragu, amoniya ya ƙara hawa. Wannan ƙungiyar ta kuma nuna a jikin ɓeraye cewa in aka sauko da amoniya, miyostatin yakan sauko, tsoka ta fara dawowa.

Ƙarshen wannan zagayen a ƙwaƙwalwa yake bayyana, kuma ina so ki san kamanninsa tun bai zo ba. Farkonsa barci ne ke juyewa, mutum ya wuni yana gyangyaɗi, da dare ido biyu. Sai ya riƙa mance raka'ar da yake, ya kasa lissafin kuɗin da da yake yi da ka, ya yi faɗa kan abin da bai kai ya kawo ba. An sha kawo mana irinsu a nan Yamai bayan an kwana biyu ana turare da ruƙiyya, ana cewa iska ce. Nakan ce wa mara lafiya ya miƙe hannuwansa gaba, ya tanƙwara tafukan sama, yatsu a ware, ya tsaya haka. Bayan ƴan daƙiƙu sai ki ga tafin ya faɗo ya koma, ya faɗo ya koma, shi kuwa bai san yana yi ba. In na tambayi matar yaushe rabonsa da bayan gida, sau da yawa sai ta ce kwana uku. Kuma kusan kullum in na ɗaga hannun rigarsa, fata da ƙashi nake tararwa. Bincike da yawa sun tabbatar da abin da ido ke gani: mai siroz da tsokarsa ta zube ya fi faɗawa wannan ruɗewar, ya fi kamuwa da cututtuka, ya fi daɗewa a gadon asibiti.

Maganar hana nama

Kada ki ga laifin dangi da yawa. Mai shawara sabon kamu ba ya son ƙamshin mai, tashin zuciya yake sa shi, daga nan al'adar ta samo tushe. Likitoci ma sun shafe shekaru suna koyar da rage wa mai siroz nama, bisa lissafin cewa daga furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin nama da ƙwai da wake, amoniya ke fitowa. A 2004 Juan Córdoba da abokan aikinsa a Basalona ta Sifen suka gwada abin a kan marasa lafiya 30 da aka kwantar da wannan ruɗewar. Rabi aka rage masu furotin, rabi aka ba su yadda aka saba. Ba a ga bambanci wajen farfaɗowa ba, sai dai waɗanda aka rage wa sun fi narkar da naman jikinsu. Dalilin a fili yake: jikin da aka hana furotin a kwano zai ɗebo shi daga damtse da cinya, kuma naman jikin da ya narke shi ma amoniya yake bayarwa. Yau ƙa'idar ƙungiyar likitocin hanta ta Turai, wadda aka fitar a 2019, ita ce a ba mai siroz furotin giram 1.2 zuwa 1.5 kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato fiye da abin da lafiyayye ke buƙata.

Kwanciyar ma haka. A wani gwaji na 2007 a Amurka an kwantar da dattawa lafiyayyu kwana 10 a gado, suka rasa kusan kilo guda na naman ƙafafu. Lafiyayyu ke nan, masu cin abinci yadda ya kamata.

Daren mai siroz ya fi na kowa tsawo

Akwai abin da ba a cika faɗa wa iyalai ba. Hanta lafiyayya rumbu ce: tana ajiye suga kimanin giram 100 bayan an ci abinci, ta riƙa sakin sa kaɗan-kaɗan cikin dare don ƙwaƙwalwa. Rumbun mai siroz ya tsuke, kafin gari ya waye ya ƙare, kuma gidan da rumbunsa ya ƙare dabbobinsa yake fara sayarwa. Dabbobin nan su ne tsoka. Tun 1983 aka auna aka ga jikin mai siroz bayan dare ɗaya ba ci yana shiga yanayin da lafiyayye ke shiga bayan yunwar kwana biyu zuwa uku.

Yanzu ki duba tsarin gidajenmu. A ci tuwo bayan magariba ko isha'i, ba a sake sa komai a baki sai hantsi, shi ma koko ne tsararo. Awa goma sha uku ko sha huɗu ke nan, kowane dare, tsoka na biyan kuɗin. A 2008 Lindsay Plank a Okland ta Niyu Zilan ya raba masu siroz 103 gida biyu, ya ba su ƙarin abinci iri ɗaya, wasu da rana wasu da dare. Bayan shekara, masu sha da dare sun ƙara abin da ya kai kimanin kilo 2 na naman jiki, na rana kuwa ba su samu ƙarin a-zo-a-gani ba. Abinci ɗaya, lokaci ne kawai ya bambanta. Cikin duk abin da na sani kan wannan ciwo, ban san wata dabara mai arahar wannan ba.

Sauran dalilan ramar a gurguje: ruwan ciki na danne tumbi, loma biyar ya ce ya ƙoshi, miya ba gishiri ba ta shiga, ƙarancin zinki na kashe ɗanɗano, homon ɗin maza, testosteron, yakan ragu ƙwarai, giya, ga mai sha, tana cin tsoka kai tsaye.

To, allurar fa?

Ina zaton wani miyokin mai suna irisin ake nufi a bidiyon, don shi ya fi suna a intanet. Bruce Spiegelman da ƙungiyarsa a Harvard suka bayyana shi a 2012, suka nuna a ɓeraye yana sa kitsen ajiya ya koma mai ƙonewa. An yi ta murna, sai a 2015 aka gano yawancin kayan da ake auna shi da su cikin jinin mutane suna kama wasu sinadarai daban. Shi ya sa sakamakon binciken irisin a masu ciwon hanta ke karo da juna, wani ya ce ya hau, wani ya ce ya sauka.

Labarin IL-6 ya fi koyar da darasi. Bayan gudu mai tsawo yakan iya ninkawa har sau ɗari cikin jini, ya ce wa hanta ta saki suga, ya sa a ƙona kitse, ya tayar da sinadaran da ke kwantar da kumburi, sannan cikin ƴan awoyi ya sauka. Amma wannan IL-6 ɗin dai, in ƙwayoyin garkuwar jiki ne ke fitar da shi dare da rana ba sauka, kamar yadda ake gani a siroz da ta yi nisa, alamar kumburi ne, kuma yana cikin masu cinye tsoka. Amfaninsa na tattare da inda ya fito, da lokacin, da saukarsa. Sirinji ba ya iya kwaikwayon wannan.

Magungunan toshe miyostatin kuwa an ƙera su, an gwada su a yara masu cutar lalacewar tsoka ta gado, kuma manyan gwaje-gwajen ba su ba da abin da aka sa rai ba. Babu ko ɗaya da aka amince a ba mai ciwon hanta. Awon miyokin cikin jini ma aikin masu bincike ne, ba ya cikin analiz da ake yi wa marasa lafiya, a Yamai ko a Faransa. Testosteron an gwada shi a Ostareliya a 2016 kan maza 101 masu siroz waɗanda nasu ya yi ƙasa, ya kuma ƙara masu tsoka, amma sai an auna an ga ƙarancin, an kuma tabbatar babu kansar hanta. Ba abin saye a kasuwa ba ne.

A nan zan ja kunne da ƙarfi. In dangi suka gaji da ganin rama, wani zai kawo "maganin ƙiba" daga masu tallar magani a tire. Da yawa cikinsu dekisametazon ne a ciki. Yana kumbura fuska da ciki a ga kamar an murmure, alhali yana ɗaga miyostatin, yana narkar da tsokar cinya, yana tada suga, ga shi yana iya tayar da ƙwayar hepatit B. Ƙwayoyin da ƴan ɗaga ƙarfe ke sha don fitar da ƙwanji su ma suna lalata hanta. Jiƙe-jiƙe da sassaƙen da ba a san abin da ke ciki ba, hantar da ta riga ta gaji ce za ta tace su.

Yadda nake auna tsoka

A manyan cibiyoyi da sikana ake aunawa, a daidai ƙashin baya na uku na ƙugu, amma iyakokin da ake amfani da su daga marasa lafiyar Amurka ta Arewa aka ɗebo su, kuma ba zan sa iyali su biya kuɗin sikana don wannan kaɗai ba. Ido da hannu sun isa farawa. Nakan dubi gefen goshi, tsakanin ido da kunne, ko ya rafka. Nakan matsa tudun naman da ke tsakanin babban yatsa da manuniya a bayan hannu. Sai in zagaya tsakiyar damtse da tef in rubuta. In akwai na'urar matsa hannu, ƙasa da kilo 27 ga namiji ko 16 ga mace rauni ne. Akwai kuma wanda za ki iya yi a gida: ya zauna kan kujera mai ƙwari, ya rungume hannuwansa a ƙirji, ya tashi ya zauna sau biyar. In ya wuce daƙiƙa 15, ko ya kasa sai ya dafa, tsokar ƙafa ta yi rauni. Ki riƙa yin wannan da awon damtse sau ɗaya a wata, da tef ɗin tela, a wuri ɗaya, ki rubuta a takarda.

Kada sikeli ya ruɗe ki. Litar ruwan ciki kilo guda ce, mutum na iya rasa kilo huɗu na nama ya tara lita huɗu na ruwa, allurar sikeli ba ta motsa ba.

Abin da za ki sa a kwano

Mu ɗauka nauyin maigida ba tare da ruwan ciki ba kilo 60 ne. Yana buƙatar furotin giram 72 zuwa 90 a rana. Ƙwai ɗaya na da kimanin 6. Dafaffen nama ko kifi giram 100 na da wajen 25. Busasshen wake giram 100 na da fiye da 20. Litar madara na da fiye da 30. Gero kansa na da kimanin 11 a giram 100. Ƙwai biyu da safe, shinkafa da wake ko dambu da zogale da rana, kifi ko kaza a miyar dare, nono rabin lita a tsakani, kin kusa cika lissafin. Ba dole sai nama kullum ba. Furotin na wake da na nono ma ya fi sauƙi ga wanda ya taɓa ruɗewa, ga shi wake na sa bayan gida ya tafi daidai. Ku da kuke Adar, nono da cuku ba su yi maku nisa ba, sai dai a tafasa madarar kafin a sarrafa ta, don mai siroz ba ya jure cutar da lafiyayye zai shanye.

Tunda ciki ba ya ɗaukar da yawa, a raba cin gida biyar ko shida, kada ya wuce awa uku zuwa huɗu da rana bai ci wani abu ba. Sannan na kwanciya barci, wanda shi ne ginshiƙi: kofin fura da nono mai kauri, ko kunu da madara, daf da zai kwanta. In ya tashi asuba a ba shi wani abu kafin ya tafi masallaci ko da ya dawo, kada a jira hantsi. In yana da ciwon suga a bar sukari a furar, amma kada a bar furar.

Mai ba haram ba ne gare shi, yana ma buƙatarsa don ƙarfi. Abin da ake ragewa in akwai ruwan ciki gishiri ne, kimanin giram 5 a rana gaba ɗaya, wato ƙaramin cokalin shayi a shafe. Ɓoyayyen gishirin ya fi na fili yawa: dunƙulen miya, kanwa, kilishi, kifin gwangwani, yajin tsire. Ki ƙara albasa, tafarnuwa, citta da lemun tsami don miyar ta yi daɗi. In kuma rage gishirin ya sa ya daina cin abinci sam, ki faɗa wa likitansa a sassauta, don yunwa ta fi ɗan gishiri illa. Gyaɗa da ƙuli-ƙuli da masara a tabbata ba su yi fumfuna ba, saboda gubar afalatoksin in ta haɗu da hepatit B tana ninka haɗarin kansar hanta.

Azumi kuma, wanda ruwa ya riga ya taru a cikinsa, ko ya taɓa aman jini ko ruɗewa, shawarata kada ya yi. Addini ya yi wa mara lafiya rangwame, ku tambayi malami yadda zai yi da ramuwa ko ciyarwa.

Motsi

Babu wata hanyar sa tsoka ta saki miyokin masu amfani ta kuma rage miyostatin da ta wuce a sa ta aiki. A Kanada a 2014, mako takwas na tuƙa keken motsa jiki ya ƙara wa masu siroz kaurin tsokar cinya da ƙarfin numfashi. Gwajin ƙarami ne, kuma kan waɗanda ciwonsu bai yi nisa ba, amma waɗanda suka biyo baya sun tafi a kan hanya ɗaya. Ga maigida, ya fara da tafiya minti goma bayan asuba ko gab da magariba, ban da tsakar ranar Tawa, yana ƙarawa har ya kai rabin awa a yawancin ranakun mako. Ya haɗa da tashi-zauna daga kujera da ɗaga gorar ruwa ta lita ɗaya. Zuwa kasuwa ya zauna cikin abokansa ma ya fi kwanciya a ɗaki nesa ba kusa ba.

Buhu dai ya haƙura da shi. Siroz na kumbura jijiyoyin jini a maƙoshi, kuma yunƙurin ɗaga kaya mai nauyi na ƙara masu matsi. In ba a taɓa zura masa kyamara ta baki an duba su ba, ku nemi a yi, don in sun girma akwai magani irin su furofuranolol da ke rage haɗarin fashewarsu.

Ta ɓangaren amoniya, kada a bar shi da taurin bayan gida. In likita ya rubuta laktuloz, maganin sassauta bayan gida, ana daidaita shi ne har a samu bayan gida mai laushi sau biyu zuwa uku a rana. Taramadol da ƙwayoyin barci na jefa shi cikin ruɗewa, dikulofenak da ibufurofen na iya taɓa ƙoda su jawo zubar jini.

Ga masu karatu da aka ce wa kitse ne ya taru a hantarsu, waɗanda ke ƙaruwa a Yamai tare da ƙiba da ciwon suga, zancen ɗaya ne ta wata ƙofar. Tsoka ce ke shanye mafi yawan sugan da insulin ke turawa, in ta yi ƙaranci ko ta daina jin insulin, rarar hanta take komawa ta zama kitse. Motsa jiki na rage kitsen hanta ko nauyi bai sauka ba.

Iyakar abin da zan iya faɗa daga nesa

Ban ga maigida ba, ban ga takardunsa ba. Rama mai sauri a mai siroz ba kullum wannan zagayen ne kaɗai ba, tana iya zama kansar hanta, tarin fuka, ciwon suga ko sida, kuma kowanne da gwajinsa. Tunda kin ce cikin na ƙaruwa, ku koma wurin likitansa a makon nan, kada ku jira randebu. A sake eko, a kuma ci gaba da yin ta duk wata shida. Aman jini, baƙin bayan gida, zazzaɓi da ciwon ciki, ruɗewa ko ƙarancin fitsari, waɗannan na asibiti ne nan take, ko da tsakar dare.

Gina tsoka ba ya goge tabon hanta. Abin da aka tabbatar shi ne masu tsoka sun fi jure ciwon, kuma abinci da motsi na iya tsayar da ramar ko su dawo da wani abu. Mai taɓa tabon kansa shi ne maganin da yake sha. A wani bincike da aka buga a 2013, cikin masu siroz na hepatit B 96 da suka sha tenofobir shekara biyar, 71 an tarar tabon ya ja baya har sun fita daga matakin siroz. Don haka kada ya tsallake ko kwana ɗaya, kada kuma a bari ya ƙare kafin a sayo wani, saboda dakatar da shi kwatsam na iya tayar da ƙwayar da ƙarfin da hanta mai tauri ba za ta ɗauka ba. A riƙa duba ƙodarsa, a kuma tuna wa mai karanta sakamakon cewa wanda tsokarsa ta zube kiriyatinin ɗinsa, wato abin da ake aunawa a jini don sanin lafiyar ƙoda, kan nuna ƙasa, ya ɓoye matsalar ƙoda.

Ke kanki, da abokiyar zama in akwai, da ƴaƴa, da ƴan'uwansa da suke ciki ɗaya, duk ku yi gwajin hepatit B. A yankinmu yawanci tun ana jarirai ko ƙananan yara ake ɗaukar ta, shi ya sa take bin gida. Rigakafinta ya shiga allurar yara a Nijar a 2008, waɗanda aka haifa kafin nan galibi ba su samu ba. Wanda gwajinsa ya nuna ba ya da ita kuma ba ya da kariya, a yi masa allura uku. In kina da ciki ko kina sa rai, ki faɗa wa ungozoma tun wurin awo, don a shirya yi wa jaririn allurar farko cikin awa 24 da haihuwa.